Cape Coast da Elmina: a shiga gidan bayi da yara ko a tsaya bakin teku kawai?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san Gana ina neman shawara. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara za mu je Akra wajen ƙanin maigidan, daga nan mu wuce Cape Coast da Elmina. To shi abin da ke ransa bakin teku ne kawai, ya ce ya gaji yana son ya miƙe ƙafa ya sha iska yara su yi wasa da yashi, ni kuma na ce ina, ba zai yiwu mu je har can mu dawo ba mu leƙa gidajen bayin nan ba. Sai cewa ya yi wai me za a kai yara kurkuku su gani, hutu muka zo ko zaman makoki. Babbar shekararta 12, ƙaramin 6. Wa ya fi gaskiya tsakani da Allah?

Abba K: Anti ni dai ina bayan oga 😂 mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar ya biya a sa shi kuka?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Gana nake zaune kuma hanyar nan ina binta. Abin da ku biyun ba ku sani ba shi ne babu ma zaɓin da kuke faɗa a kai, don gidajen a bakin ruwan suke, na Cape Coast igiyar ruwa ce ke dukan duwatsun da ke gindinsa, na Elmina kuma teku ta gefe guda tafkin Benya ta ɗaya gefen. Duk inda oga ya zauna shan iska sai ya hango farin ginin. Daga Akra kusan kilomita 150 ne, ku hau mota a tashar Kaneshie ko ku ɗauki shata, amma ku fita da asuba saboda go-sulo ɗin Kasoa ba ya da mutunci, in kuka yi latti sai ku ci awa guda a wuri ɗaya. Tsakanin Cape Coast da Elmina kuma ba nisa, kilomita goma da 'yan kai, tasi ce ke zirga-zirga.

Maman Ilham: Na gode Yaya. To batun yaran fa?

Ɗan Zango: Babbar ta shiga ba matsala. Ƙaramin gsky ban ba ki shawarar saukar da shi ɗakin ƙasa ba, akwai duhu da zafi da wani wari da ya kama bango, kuma wasu masu zagayawa da baƙi sukan kashe fitila na ɗan lokaci don mutane su ji yadda abin yake. Ya tsaya a sama da babansa wajen igwogin, yara suna son wurin.

Malam Tanimu: Hajiya ki riƙe matsayinki. Bari in ɗan faɗi abin da za ku tarar don kar ku je ku ga farar katanga kawai. Na Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, shugaban tafiyar sunansa Diogo de Azambuja, kuma shi ne gini mafi tsufa na Turawa da ke tsaye har yanzu a kudu da Sahara. Abin da mutane ba sa ganewa, da farko ba don bayi aka gina shi ba, zinari suka biyo. Har ma su ne suke sayo bayi daga wajajen Benin su kawo Elmina su sayar wa fataken zinari, wato a lokacin bayi shigowa suke yi ba fita ba. Sai da aka buɗe gonakin rake a Burazil da tsibiran Karebiyan sannan lissafi ya juya, ɗakunan ajiye kaya suka koma na ajiye mutane. A 1637 'yan Holan suka ƙwace shi, kuma yadda suka yi shi ne abin lura: akwai wani tudu da ke kallon ginin, suka hau da igwa suka riƙa luguden wuta daga sama. Da suka ci sai suka ce kar wani ya yi mana irin wannan, suka gina wani sansani a kan tudun, shi ake kira St Jago. Ku daure ku hau, daga can za ku ga garin duka da ɗaruruwan kwale-kwale a cikin tafki. Na Cape Coast kuma 'yan Suwidin ne suka fara shi a 1653, ya yi ta canza hannu har ya faɗa wa Ingilishi wajen 1664, kuma nan ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da suka koma Akra.

Abba K: Malam ya buɗe aji, a kawo alli

Malam Tanimu: Kai dai karanta, wata ran zai yi maka rana.

Hajiya Rabi: Ni na shiga na Elmina kuma wlh abin da ya tsaya min a rai ba ƙofar nan da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda ake ta ɗaukar hoto, ba ce, tsakar gidan mata ne. Akwai baranda a sama inda gwamna yake tsayawa a fito masa da mata ya zaɓi wadda yake so, a wanke ta a hau da ita ta wani tsani, wadda ta ƙi kuma a ɗaure ta da ƙwallon igwa a rana. Ina tsaye a wurin wata mata baƙar fata daga Amurka ta durƙusa tana kuka kamar ranta zai fita, ga wasu samari a gefe suna ta selfi suna ƙyalƙyala dariya, na ji kamar in mare su. Shi ya sa ni ra'ayina in har mutum nishaɗi ya kai shi to ya tafi bakin tekunsa kawai kar ya shigo ya ɓata wa mutane rai.

Abba K: To ai maganata ke nan Hajiya, kowa ya je inda ransa ke so

Hajiya Rabi: A'a ƙanina ba maganarka ba ce. Kai cewa ka yi kar a je, ni cewa na yi a je da ladabi.

Zee: Ni fa akwai abin da ke damuna da irin wuraren nan. An mai da wahalar mutane kasuwa. Ka biya tikiti, baƙo kuɗinsa daban ɗan ƙasa daban, kana fitowa daga kurkuku ga shagon tsaraba, ga yara sun rubuta sunanka a jikin katantanwar teku sai ka saya. Tun da Obama ya je Cape Coast a 2009, sannan gwamnatin Gana ta yi shekarar dawowa gida a 2019 don gayyato jikokin bayi daga ƙetare, wurin ya zama wajen zuwan 'yan gayu. Wannan ba cin kuɗin matattu ba ne?

Ɗan Zango: Zee ginin da ya haura shekara 500 a bakin gishiri in ba a zuba masa kuɗi ai rugujewa zai yi. Iskar teku tana cin ƙarfe tana cin fenti, ki ga igwogin yadda suka yi tsatsa. Hukumar gidajen tarihi ta Gana ce ke kula da su, UNESCO kuma ta sa su a jerinta tun 1979 tare da sauran sansanonin gaɓar. Akwai ƙanana da ba a zuwa, wasu daga cikinsu kango ne yanzu. Yaran masu katantanwa kuma talauci ne, in ba ki so kar ki faɗa musu sunanki lokacin shiga, shi ke nan dabarar.

Zee: Na ji batun gyara. Amma shagon tsaraba a cikin harabar dai bai kwanta min ba har yanzu.

Ɗan Zango: Wannan kam ba zan yi miki musu ba.

Sadiq Injiniya: Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne coci a saman kurkuku. A Cape Coast ɗakin ibadarsu daidai kan ɗakin da aka cusa maza yake, suna waƙa a sama mutane suna mutuwa a ƙasa. Ƙasan ɗakin ma abin da kake takawa ba dutse ba ne zalla, ƙazantar mutane ce ta shekaru ta daskare ta rufe bulo. Sannan a zo ana ce mana su ne suka kawo wayewa. Turawa ba su da abin faɗa mana wallahi.

Malam Tanimu: Sadiq duk abin da ka faɗa haka ne, amma ka ƙarasa labarin. Baturen da ke cikin ginin nan ba ya shiga daji kamun mutane, zazzaɓi ma ba zai bar shi ba, haya ma yake biya ga masu ƙasa. Kawo masa ake yi. Fante, mutanen gaɓar, suna dillanci a bakin ruwa, Asante na Kumasi suna kawo waɗanda suka kama a yaƙi da waɗanda aka biya su haraji da su daga arewa, a karɓi bindiga da albarushi da yadi da giya. Kuma kar mu yi saurin wanke hannunmu, kasuwar Salaga da fatakenmu suke zuwa sayen goro, fataucin Gwanja da ake yi wa kirari, me da me ake kaiwa can? Akwai kanwa da fata da tufafi, akwai kuma mutane. Ƙiyasin masana shi ne sama da mutum miliyan 12 aka ɗora a jirgi daga Afirka baki ɗaya, sama da miliyan 1 daga wannan gaɓar ta Gana. Adadi irin wannan ba ya fita ba tare da hannun 'yan gida ba.

Sadiq Injiniya: Malam wannan ita ce maganar da suke so mu riƙa yi don su sauke nauyi. Wa ya ƙera jiragen? Wa ya ci ribar rake da auduga? Wa ya mai da launin fata ya zama hujja?

Malam Tanimu: Su ne, ban rage musu ko ƙwayar zarra ba. Laifin mai saye bai goge na mai sayarwa ba, na mai sayarwa ma bai goge na mai saye ba. Abin da nake gudu yarinyar Hajiya ta fito da tunanin cewa mugunta launi gare ta.

Sadiq Injiniya: Ni kuma ina gudun ta fito da tunanin cewa kowa da laifi saboda haka ba mai laifi.

Maman Ilham: Ikon Allah, 'yata ta zama abin muhawara tun ba ta je ba 😅 ku ci gaba ina ƙaruwa

Ustaz Nura: Hajiya abu biyu zan ƙara ta ɓangaren addini. A ɗakin ƙarshe na kurkukun maza a Cape Coast akwai wurin tsafin mutanen garin, za ki ga kwalabe da furanni, wani lokaci da mai kula da shi a zaune. Ba wanda zai tilasta miki komai, ki tsaya gefe ki wuce, kuma a ja wa yara kunne kar su taɓa ko su yi izgili. Na biyu bakin tekun da oga yake so, a zaɓi wuri da lokaci, ranakun hutu da yamma wasu wuraren kiɗa ne da shaye-shaye da shigar da ba za ki so yara su gani ba. Safiya ta fi.

Ɗan Zango: Ustaz ya yi gaskiya. Masallaci kuma ba matsala, ku tambayi zango, wajen kasuwar Kotokuraba a Cape Coast za ki ji ana Hausa, irin tamu ta nan dai wadda ba ruwanta da mace da namiji a magana, kar ki yi dariya. Abinci ma can za ki samu hankali kwance, ga wake da shinkafar da suke kira waakye. In kina son na mutanen gari ki ci kenken Fante da soyayyen kifi da yaji, yana da tsami kaɗan, yara ba lallai su so ba.

Abba K: Tsaya, me ya kai Hausawa can kuma tun da?

Malam Tanimu: Fatauci da aikin soja. Lokacin da Ingilishi suka karɓi Elmina daga hannun Holan a 1872, dakarun da ake kira Hausawan Glover, da sunan Baturen da ya kafa su, aka kwaso daga Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu suka shiga aikin. Kuma wannan miƙa garin shi ya ta da ƙura, don mutanen Elmina abokan Asante ne, sarkinsu Kobina Gyan ya ƙi yi wa Ingila mubaya'a aka kama shi aka kai Saliyo. A Yunin 1873 aka yi wa tsohon garin ruwan wuta aka ƙone shi ƙurmus, filin nan da za ku gani fayau a gaban ginin gari ne guda a da. Shekara ta gaba kwamandan Ingilishi Wolseley ya shiga Kumasi ya cinna mata wuta. Sarkin Asante Prempeh na ɗaya ma a cikin ginin Elmina aka fara tsare shi a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo sannan tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924, za a nuna muku ɗakin. To ka ga Sadiq, a wannan yaƙin ma namu suna cikin sahun Bature.

Sadiq Injiniya: Bawan da ya gudu aka ba shi bindiga da albashi, zaɓi nawa gare shi? Malam ka bar ni haka kawai

Hajiya Rabi: Ku biyun nan sai an raba ku. Maman Ilham ki saurare ni, tsarin da zan ba ki shi ne ki raba ranakun. Kar ku shiga gidajen biyu rana ɗaya, zuciya ba za ta ɗauka ba kuma labarin zai cakuɗe miki. Ku yi ɗaya da safe kafin rana ta yi zafi da kafin motocin 'yan makaranta su iso, ku koma masauki ku huta. Ni ranar da na shiga ko abinci ban iya ci ba balle wasa da ruwa. Washegari a ba oga tekunsa cikakke ba wanda zai yi masa maganar bayi.

Maman Ilham: Wannan ya yi Anti, haka zan kai masa. In ɗaya kawai ya yarda wanne za mu zaɓa?

Hajiya Rabi: Elmina.

Malam Tanimu: Cape Coast ya fi gidan adana kayan tarihi mai bayani, ga yarinya 'yar makaranta zai fi amfani. Amma in don gari ne Elmina.

Ɗan Zango: Elmina nima, saboda garin. Mutane suna zuwa su shiga ginin su fito su hau mota, ba su san sun bar rabin abin a baya ba. Ki tsaya kan gadar da ke bakin tafkin da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, kwale-kwale masu fenti kala-kala da tutoci, mata da manyan kwanoni suna ciniki suna ihu, ga masu sassaƙa jirgi ga masu ɗinkin taru ga hayaƙin banda, warin kifi kam sai haƙuri. Cikin gari akwai maƙabartar 'yan Holan, akwai gine-gine masu mutum-mutumi na ƙungiyoyin Asafo, wato mayaƙan gargajiya na garin, wani har da siffar jirgin ruwa a samansa. Akwai ma unguwar da ake kira tudun Java, don tsakanin 1831 da 1872 'yan Holan sun ɗebi sojoji wajen 3000 ta nan suka kai su yaƙi Indonesiya, waɗanda suka dawo aka ba su wurin. Amma kar ki ɗaga waya ki ɗauki masu kifi hoto ba ki tambaya ba, za ki sha zagi da yaren da ba ki ji.

Zee: To wannan ɓangaren ya fi burge ni. Aƙalla mutane ne masu rai suna neman abincinsu.

Ɗan Zango: Sai dai ki guji Talata, ranar ba a fita kamun kifi, al'adarsu ce. Bikinsu na Bakatue ma Talatar farko ta watan Yuli ake yi, na Cape Coast kuma Fetu Afahye farkon Satumba, ku da za ku zo Disamba duk ba za ku riska ba.

Abba K: Yanzu dai ba wanda ya yi maganar tekun, oga yana can yana jira

Ɗan Zango: Hhh to ga nasa. Gaɓar da ke cikin gari ta aiki ce ba ta shaƙatawa ba, jirage ne da igiyoyi da shara, wani wurin ma ba ka so ka taka ba takalmi. Ku fita yamma da Elmina wajen Brenu, ko gabas wajen Anomabo, can ne yashi mai tsabta da itatuwan kwakwa. Amma Hajiya don girman Allah ki riƙe yaran nan. Tekun nan ba kogi ba ce, tana da wani ja ta ƙasa, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafarka, igiya ta gaba ta ɗauke ka. Wurare da yawa babu mai ceto. Ku tambayi ma'aikatan masaukin inda ake shiga, in suka ce yau ba a shiga to ba a shiga, ko oga ya ce ya iya iyo.

Ustaz Nura: Wanda ja ya kama shi kuma kar ya yi kokawa da ruwan yana neman komowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓar, har ya fita daga jan.

Malam Tanimu: Tunda an ambaci Anomabo, shi ma akwai sansani a can, Fort William, kuma bayin da aka fitar ta wannan ɗan garin sun fi na Elmina yawa duk da ba shi da suna. Sannan a hanyar Kumasi akwai Assin Manso, rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa, a 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne a wurin.

Abba K: Malam ko bakin tekun ma sai ka bi oga da bayi, Allah ya ba ka haƙuri ka bar bawan Allah ya sha kwakwarsa

Malam Tanimu: Na yi shiru.

Baban Amir: Sallama, na shigo a makare. Ba wanda ya faɗi Kakum? Ai shi ne na yara. Daji ne arewa da Cape Coast kamar kilomita 30, akwai gadar igiya da aka ɗaura a saman bishiyoyi, gada bakwai a jere, tsayin ya haura mita 30 daga ƙasa kuma tana lilo. Dabbobi kam kar ku sa rai, hayaniyar mutane ta kore su ciki, amma gadar kaɗai ta isa.

Hajiya Rabi: Ni ƙafata ba ta taka wannan abin ba kuma ba za ta taka ba. A ƙasa na zauna na riƙe wa mutane jaka.

Baban Amir: Hajiya akwai raga ta kowane gefe har ƙirji fa, kuma mai tsoro zai iya yanke hanya ya fita bayan 'yan gadojin farko.

Hajiya Rabi: Allah ya ba masu hawa sa'a.

Zee: Yaya Ɗan Zango tambaya, takardu fa? Nima kun sa min sha'awa duk da shagon tsaraban 🙄

Ɗan Zango: In fasfonki na ƙasar ECOWAS ne ba biza, amma katin allurar shawara dole ne, ta jirgi ko ta bodar Aflao duk ana tambaya, na yara ma. Ki canza kuɗi zuwa sidi tun a Akra, ki riƙe ƙananan canji don tasi da masu kwakwa. Disamba kuma lokacin cikowa ne, 'yan ƙasar waje suna dawowa, masauki yana tsada yana kuma ƙarewa, duk mai niyya ya kama ɗaki tun yanzu.

Zee: Katin nawa ya daɗe, sai na sake allura?

Ɗan Zango: A'a, ta shawara sau ɗaya ce har abada a ƙa'idar yanzu, in dai katin na asali ne kuma sunan ya yi daidai da na fasfo. Ki duba wannan ɗin da kyau kafin ki taso.